Amsar da Na Ba Rifkatu

Ranar walimar auren Nafisa, da Sadiq ya karɓi lasifika ya ba jama'a labarin yadda uwarsa ta rabu da aiki da gida saboda gaskiya, na ga mata suna juyowa suna kallona, wasu har da share ido. Na sunkuyar da kai, aka ɗauka kawaici ne irin na iyaye. Labarin da kuka taso da shi ba ƙarya ba ne, amma an yanke masa kwana tara a tsakiya, kuma ni na yanke. Babanku ya sani, kakarku Dada ta sani, duk sun tafi ba su tona ni ba. Yanzu ni kaɗai na rage, shi ya sa na ga gara ku ji shi cikakke daga hannuna.

A shekarar ina koyar da adabin Turanci a wata makarantar kuɗi a nan Gombe. Mai makarantar, Alhaji Ɗahiru, shi ya ba mu gidan nan na Federal Low-Cost da kuke ta kewa, don gidan makaranta ne da ake ba manyan malamai. Babanku yana wata bakwai da samun shanyewar ɓarin jiki. Hannun dama ba ya motsi, ƙafar tana ja, magana sai ya tattaro ta kalma kalma. Sau biyu a mako muke kai shi asibiti gashin jiki, kuma daga Low-Cost keke napep ɗaya ne ba wahala. Mun sa an kafa masa ƙarfe a jikin bango tun daga bakin gadonsa har banɗaki, ya koyi bin sa shi kaɗai, kuma wannan ƙarfen shi ne ɗan mutuncin da ciwon ya bar masa. Dada, mahaifiyarsa, ta baro ƙauye ta tare a wurinmu. Ummi tana da shekara sha shida, Sadiq sha biyu, Nafisa bakwai, dukanku a makarantar kuke. Gidan kaf a kan aikina yake tsaye.

Farkon zango na biyu motar da ke ɗauko yara ta yi hatsari. Birki ya ƙi ci a wani gangare da safe, ta tafi ta daki kwalbati. Yara da yawa sun ji rauni, wata 'yar aji huɗu na firamare kuwa sai da aka yanke mata ƙafa. Direban, Baba Yohanna, Batangale ne daga wajen Kaltungo, shekara sha takwas yana tuƙa Alhaji, tun kafin a aza tubalin makarantar. Shi ma ya karye a hannu. A taron iyaye Alhaji ya ce ƙaddara ce, motar lafiyarta ƙalau. Sai Baba Yohanna ya miƙe daga can baya, hannunsa rataye a wuya, ya ce sau uku yana kai ƙarar birkin nan ana ce masa ya lallaɓa zuwa hutu. Washegari aka sallame shi. A ɗakin malamai ba a kiransa da komai sai butulu, tunda Alhaji ne ya karantar masa da 'ya'ya kyauta. 'Yarsa Rifkatu tana ajin ƙarshe, saura wata uku jarrabawa. Alhaji ya ce a bar ta ta gama, ya kuma tabbatar kowa ya ji cewa shi ya ce a bar ta.

Ajinsu Rifkatu nake ɗauka. Cikin littattafan jarrabawa akwai wani tsohon wasan kwaikwayo a kan wani mai gonaki da tsohon hadiminsa. Hadimin ya yi masa bauta tun ƙuruciya, shi ya goyi 'ya'yansa, amma da aka kai maigidan gaban alƙali kan ƙona rumbun maƙwabci, inda wani mutum ya mutu a ciki, hadimin ne ya tsaya ya ce a gabansa aka ba da umarnin. Littafin taimako da yara suke haddacewa ya gama magana a layi biyu: ramuwa ce, don a farkon wasan hadimin ya roƙi ɗan fili an hana shi. Ni kuwa ban taɓa yarda ɗalibi ya ce mini wane mugu ne wane nagari ne ya koma ya zauna ba. Sai ya gaya mini abin da mutumin yake so da abin da yake tsoro, ya kuma nuna mini shafin. Allah ya sani ban shirya darasin ya faɗo a wannan lokacin ba, haka tsarin zangon ya jera shi. Amma ya kamata a ce na lura, ban lura ba.

Na yi tambayata, yara biyu suka maimaita mini abin da suka haddace. Sai na ga hannu a kujerar bakin taga. Rifkatu ce, wadda tun ranar taron iyaye ba wanda ya ji muryarta.

"Malama, in ramuwa yake so, me ya sa ya goge wa maigidan takalmi da safen ranar? Ba wanda yake kallonsa a wurin. Kuma kafin ya tafi kotu ya tura matarsa garinsu da kayanta. Ya san ba zai sake kwana a gidan ba. Wanda yake neman fili ba ya fara kwashe kayansa."

"To me ya sa ya yi magana?" na tambaye ta.

"Ina jin har lokacin yana son maigidan nasa. Ya dai kasa ci gaba da riƙe abin ne."

Raina ya yi fari irin na malamin da ya daɗe yana jiran ɗalibi guda. Na ce wannan ita ce amsa mafi kyau da na ji tun da na fara koyar da wasan nan. Na juya na rubuta ta a allo, na ja mata layi. Da na juyo ne na ga fuskokin yaran. Ba wanda yake kallon allo ko littafi, duk ita suke kallo, ita kuma tana kallon tafin hannunta. A nan na gane abin da na yi.

Ranar Alhamis firinsifal ya aiko kirana. Mista Bitrus mutumin kirki ne, mun yi shekaru muna aiki tare, amma ranar sai da ya leƙa baranda kafin ya rufe ƙofa, kuma bai ce in zauna ba sai da ya tuna.

"Malama Hadiza, magana ta kai wurin Alhaji. An ce kin mai da aji kotu, kin wanke Yohanna a gaban yara."

"Wasa nake koyarwa, Yallaɓai. Ban ambaci sunan kowa ba."

"Na sani. Amma iyayen yarinyar da aka yanke wa ƙafa sun ga lauya, Alhaji yanzu ko tari aka yi a makarantar nan sai ya ji da shi ake. Ya ce ranar Litinin ki koma ki ba su bayani kamar yadda yake a littafin taimako. Ki faɗa, su rubuta, za a karɓi littattafansu a duba." Ya gyara takardun da ba su bukatar gyara. "Ya kuma ce in tuna miki gidan Low-Cost akwai masu jira. Ki yi haƙuri, Malama. Ni ma a gidansa nake."

Ba na jin na taɓa ganin kwanaki masu tsawo kamar huɗun nan. Duk motar da ta rage gudu a bakin get sai na leƙa ta taga. Waya in ta yi ƙara sai na duba sunan sau biyu kafin in ɗauka. Ranar Juma'a na zuba gishiri sau biyu a miya, Ummi ta ɗanɗana ta kalle ni, ta je ta sake ɗora wata. Nakan tsinci kaina tsaye a ɗakin babanku ina kallon ƙarfen bango, ina lissafin ko za a iya cire shi a kafa a wani gidan, da wane gidan ma. Ranar Asabar bayan la'asar muna zaune a baranda, babanku a kujerarsa, Dada tana tsince shinkafa a faifai, na kasa riƙewa na gaya musu komai. Dada ba ta ko ɗago kai ba.

"Wannan hadimin, mutumin takarda ne ko?"

"Na takarda ne, Dada."

"To ba shi da uwa ba shi da 'ya'ya. Ko ɓarawo suka ce ki kira shi, ki kira shi, ba zai ji zafi ba. Wannan kuwa," ta nuna ɗanta da haɓa, "yana jin zafi."

Babanku ya daɗe yana motsa baki kafin maganar ta fito.

"Ke... me kika gani... a littafin?"

"Abin da yarinyar ta gani, Malam."

Ya gyaɗa kai. Na yi zaton ya gama, har na miƙe zan shiga ciki, sai ya kamo bakin zanena da hannunsa mai lafiya.

"Duk abin da... za ki yi... kada ki ce... don ni."

Don shi na ce. Haka na gaya wa kaina ranar Lahadi tun safe har yamma, haka kuma na ci gaba da gaya wa kaina shekaru. Amma na yi rayuwata ina hana yara karɓar dalilin farko da mutumin littafi ya bayar game da kansa, bai kamata in karɓi nawa ba. Ciwon babanku yana ciki, ba shakka. Sai dai akwai son gidan, da famfon da ba ya ɗaukewa, da yadda maƙwabta suke gaishe ni. Akwai 'yan'uwana na Kano da suka ce tun farko auren Gombe wahala zan sha, ba na son su ji na koma haya a bayan gari. Akwai kuma tsoro zalla, tsoron tsayawa gaban Alhaji yana kallona ta saman gilashinsa. Da an ce mini in auna su, ban san wanne zai fi nauyi ba.

Ranar Litinin na shiga aji na ce kowa ya fito da littafin rubutu. Ban kalli bakin taga ba. Na tsaya na karanto musu a hankali, yadda kowa zai samu ya rubuta, cewa hadimin mutum ne mai riƙo da ƙullaci, wanda ya manta alherin shekaru saboda ɗan fili, cewa gogar takalmin munafunci ne, cewa marubucin ya kawo shi ne don ya zama misalin cin amana. Muryata ba ta yi rawa ba, wannan ma yana cikin abin da har yau yake damuna. Ba a jin komai sai ƙarar biro. Da na gama sai hannun nan ya sake tashi. Na so in yi kamar ban gani ba, amma duk ajin ya gani.

"Malama, in aka tambaye mu a jarrabawa, wanne za mu rubuta? Na ranar nan da kika sa a allo, ko wannan?"

Ba da rashin kunya ta tambaya ba. Idonta yana kaina, kuma na san ƙofa take buɗe mini. Da na ce mata jarrabawa tana karɓar duk amsar da aka kafa wa hujja, da gaskiya na faɗa, kuma da wuya wani ya kama ni da laifi.

"Wannan," na ce.

Ta ce, "To, Malama." Ta sunkuya ta ja layi a ƙarƙashin abin da ta rubuta, da rula, kamar yadda na koya musu.

Ta zo Talata, ta zo Laraba. Ranar Alhamis kujerar ba kowa, Juma'a ma haka. An karɓi littattafai an duba, Mista Bitrus ya tare ni a baranda ya ce Alhaji ya ji daɗi, magana ta wuce. Ya kamata hankalina ya kwanta, amma sai abinci ya daina shiga. Ranar Asabar da hantsi na ce muku zan je dubiya, na hau keke na ce a kai ni unguwar Bagadaza. Sai da na yi tambaya sau uku kafin na sami gidan su Baba Yohanna, irin gidan hayar nan mai ɗakuna a jere da igiyoyin shanya ko'ina. Matarsa tana suyar awara a bakin zaure. Baba Yohanna yana kan benci a tsakar gida, hannun har lokacin a ɗaure. Da ya gan ni ya miƙe da sauri ya kakkaɓe mini bencin, kamar har yanzu shi direba ne ni babbar malama. Na tambayi Rifkatu, ya ce ta tafi Kaltungo wurin gwaggonta, ta ce ba za ta koma makarantar ba, sai dai ta zauna jarrabawa baɗi a can. Na fara ba shi haƙuri, ina ta kewaye-kewaye, ya ɗaga mini hannu.

"Malama, ta gaya mini duka. Kina da majinyaci a gida, ni ba zan ga laifinki ba. Ita yarinya ce, tana ganin ubanta wani jarumi ne." Ya kalli wajen zaure, ya rage murya. "Sau uku na faɗa musu birkin nan, gaskiya ne. Na huɗun fa? Na ɗauki makulli, na tayar da mota, na bi gida gida na kwashi 'ya'yan mutane. Na san abin da ke ƙarƙashin ƙafata. Tsoron a kore ni ya sa na tuƙa."

 Na ce, "To me ya sa ka tashi a taron, Baba?"

"Uwar yarinyar ce. Muna asibiti ɗaya, an gama yanke wa 'yarta ƙafa, ta zo har gadona da kunu a kofi, tana ce mini sannu Baba, Allah ya ba ka lafiya, ba laifinka ba ne. Kullum sai ta zo. Kunun nan ne na kasa ci gaba da sha, Malama. Ba wata jarumta."

Na dawo gida a keke ina kallon hanya ba na ganin ta. Kada ku ɗauka daga nan na miƙe na yi abin da ya dace. Ranar Litinin na shiga ajin na koyar da waƙa. Talata ma na kauce, na ba su aikin aji na zauna ina kallon agogo. Sai ranar Laraba, kwana tara cif bayan wancan darasin, na ce su buɗe inda suka rubuta bayanin hadimi. Na ce musu abin da na ba su ba shi na gani a littafin ba, an umarce ni ne na bi saboda tsoro. Na ce amsar Rifkatu ita ce mai hujja, duk mai so ya soke wancan shafin. Wasu suka soke, wasu suka rufe littafi suka zuba mini ido. Wannan ita ce ranar da Sadiq ya ba da labarinta, kuma ta faru yadda ya faɗa. Abin da bai sani ba shi ne yara talatin da wani abu ne suka ji ni, ban da guda ɗayar da maganar ta shafa. Kujerar bakin taga wata yarinya ta riga ta ɗora jakarta a kai.

Takardar sallama ta zo ranar Juma'a, aka ba mu wata guda mu tashi. Da na nuna wa babanku, ya karanta da kansa a hankali, ya ninke ta da hannu ɗaya a kan cinyarsa, ya ce, "Sannu." Dada ta yi kwana uku ba ta amsa gaisuwata da baki, sai da kai. Sauran kun san shi don da ku aka yi. Gidan ɗan'uwan babanku a unguwar Gabukka da ba a gama ba, tagogi da buhu, ruwa sai an saya, hanyar da masu keke suke ƙin shiga in an yi ruwan sama. Gashin da ake yi sau biyu a mako ya koma sau biyu a wata, daga baya ya tsaya. Bangon can bai karɓi ƙarfe ba, sai dai mutum ya riƙe babanku zuwa banɗaki har ƙarshen ransa, shekara uku bayan haka. Likita bai taɓa cewa tashinmu ne ya jawo ba, ni ma ban ce ba, amma ban sani ba. Ummi, ke kika maimaita aji a makarantar gwamnati, kika ga ƙawayenki sun wuce ki, ba ki taɓa yi mini gori ba. Na gode, kuma ki yafe mini.

Ranar tashinmu, ban san wa ya gaya masa ba, sai ga Baba Yohanna da aron akori-kura da wani ƙaninsa yana tuƙawa. Da hannu ɗaya ya taya mu ɗaure katifu. Da aka gama na ja shi gefe na roƙe shi ya gaya wa Rifkatu na janye maganata a gaban aji. Bayan mako biyu muka haɗu a kasuwa, na tambaye shi.

"Na gaya mata, Malama."

"Me ta ce?"

"Ta ce ta ji."

Na rubuta mata wasiƙa sau biyu ban sami amsa ba, na daina.

Bara waccan, da jiri ya dame ni, Nafisa ta kai ni wani ƙaramin asibiti ta bar ni a layi ta tafi neman kati. Aka kira ni ɗakin awo. Nas ɗin tana juye tana rubutu, da ta ɗago muka gane juna a lokaci guda. Ta yi ƙiba kaɗan, da zoben aure a hannunta.

"Ina kwana, Malama."

"Rifkatu," na ce, na bar sauran maganar da na yi shekaru ina shiryawa. Na tambayi babanta, ta ce ya rasu shekara huɗu da suka wuce. Na yi mata ta'aziyya, ta amsa. Ta naɗe mini hannun riga da kanta, a hankali, ta ɗaura abin awo, muna jin yana matsewa yana saki. Ta duba, ta rubuta a kati, ta warware, ta mayar mini da hannun rigar yadda yake.

"Jinin ya ɗan hau, Malama. Ki rage tunani."

Ta riƙe mini gwiwar hannu har na miƙe, ta raka ni bakin ƙofa. Sannan ta leƙa waje ta kira mai bi mini.